Yadda Aka Mayar da Ka'idar Darwin Wuƙar Tiyata a Kan Talaka

Daga 1907 zuwa shekarun 1970, an yi wa mutum sama da 60,000 tiyatar kashe haihuwa a Amurka bisa umarnin hukuma. A Suwidin kusan 63,000 ne. A Jamus ta zamanin Hitler sun kai 400,000, kuma daga nan aka zarce zuwa kisa. Likitoci da alƙalai da malaman jami'a ne suka yi wannan aiki, da takarda da hatimi, suna masu cewa ilimin halitta ne ya ba su izini. Ko mutum ya yarda da ka'idar juyin halitta ko bai yarda ba, yana da kyau ya san yadda aka tashi daga nazarin tattabaru da tsirrai aka dire a ɗakin tiyata, domin kowane mataki na tafiyar yana da kuskuren da za a iya nunawa da yatsa.

Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859 abu uku ne a haɗe. 'Ya'yan kowace halitta suna bambanta da juna. Wasu daga bambance-bambancen ana gadonsu. Kuma ana haifar fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya ɗauka. Idan haka ne, duk siffar da ta taimaki mai ita ya rayu har ya haihu a wannan muhalli za ta yawaita a zuriya ta gaba. A wannan ma'auni, wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya fi barin baya, ko da ƙwaro ne, ko da tsutsar ciki ce. Babu daraja a ciki, babu cancanta, kuma da muhalli ya sauya sai dacewar ta sauya.

Herbert Spencer, masanin falsafa na Ingila, shi ya ƙirƙiro kalamin nan na "wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa" a 1864, Darwin kuma ya ara a bugu na biyar na littafinsa a 1869. Amma tun 1851, shekara takwas kafin littafin Darwin, Spencer ya riga ya rubuta cewa tallafin da gwamnati ke ba matalauta yana hana al'umma tace kanta. Ke nan hukuncin ya riga hujjar zuwa. Haka ma wariyar launin fata: Samuel Morton yana auna ƙoƙunan kai a Amurka tun 1839, Gobineau na Faransa ya jera jinsunan mutane hawa-hawa a farkon shekarun 1850. Abin da sunan Darwin ya ƙara musu shi ne rigar kimiyya.

A Amurka, William Graham Sumner na Jami'ar Yale ya koyar cewa attajirai zaɓaɓɓun gasar rayuwa ne, attajirin ƙarfe Andrew Carnegie kuma ya rubuta a 1889 cewa dokar gasa tana yi wa mutum ɗaya tsanani amma ita ce alheri ga jinsi. A duba yadda hujjar take zagaye. Me ya sa wane ya yi kuɗi? Don ya fi dacewa. Da me aka san ya fi dacewa? Don ya yi kuɗi. Gadon fili, da dukiyar da bayi suka tara wa iyayengijinsu, da dokar da ta hana ma'aikata haɗa kai, duk sun ɓace daga lissafin. Akwai kuma tsalle na biyu da ya fi wannan muni: an tashi daga "haka ake yi a daji" zuwa "haka ya kamata a yi a gari". Thomas Huxley, wanda babu mai kare Darwin kamarsa, ya tsaya a Oxford a 1893 ya ce ci gaban ɗabi'ar ɗan'adam yana cikin yaƙar wannan gasa ta daji ne. Peter Kropotkin na Rasha kuma ya tara misalai a 1902 na yadda taimakon juna ke raya dabbobi da mutane.

Shi kansa Darwin ba za a wanke shi tas ba. Ya tsani bauta tun yana saurayi, amma a littafinsa na 1871 ya rubuta cewa jinsunan da ya kira masu wayewa za su maye gurbin waɗanda ya kira marasa wayewa, ya kuma nuna damuwa cewa asibiti da allurar rigakafi suna barin raunana su hayayyafa. A shafin nan dai ya ce janye musu taimako zai lalata mafi kyawun abin da ke cikin halin ɗan'adam. Mabiyansa na siyasa sun riƙe rabin farko, suka zubar da na biyu.

Inda Galton ya shigo

Masu wannan ra'ayi sun yi karo da wata matsala. A ƙarshen ƙarni na 19, talakawan Landan sun fi masu hali yawan 'ya'ya. Bisa ma'aunin Darwin na gaskiya, talakawan ne suka fi dacewa. Maimakon a yarda ma'aunin bai shafi daraja ba, sai aka ce wayewa ce ta ɓata tankaɗen yanayi, don haka dole hukuma ta karɓi rariyar da hannunta.

Francis Galton, ɗan'uwan Darwin (kakansu ɗaya), shi ne uban wannan tafiya. A 1869 ya bi salsalar alƙalan Ingila daga 1660 zuwa 1865, da janar-janar da marubuta, ya ga fitattun mutane suna da fitattun dangi fiye da kima, sai ya ce hazaƙa gado ce. Ɗan alƙali a Ingilar wancan zamani yana gadon jinin uba, yana kuma gadon makarantarsa da kuɗinsa da abokansa, kuma babu yadda ƙidayar Galton za ta raba waɗannan. Masanin tsirrai Alphonse de Candolle ya nuna masa haka tun 1873. Duk da haka a 1883 Galton ya raɗa wa shirin suna yujeniks, wato tace irin ɗan'adam: a ƙarfafa wa "nagari" su hayayyafa, a hana "gurɓatattu". A 1912 aka yi babban taronsu na duniya na farko a Landan, ɗan Darwin mai suna Leonard ne shugaba, Winston Churchill yana cikin mataimaka. Kada a ɗauka 'yan mazan jiya ne kaɗai. 'Yan gurguzu da masu fafutikar 'yancin mata da dama sun rungumi abin a matsayin ci gaba, wanda shi ya sa ya yi wuyar yaƙa.

Afirka ba ta tsira ba. Galton ya aika wa jaridar Times wasiƙa a 1873 yana ba da shawarar a zuba 'yan Sin a gabashin Afirka su maye gurbin baƙaƙe. Firaministan Birtaniya Lord Salisbury ya raba ƙasashen duniya a jawabinsa na 1898 zuwa masu rai da masu mutuwa, ya ce masu ran za su ci yankin masu mutuwar. A Namibiya, bayan kisan kiyashin da Jamusawa suka yi wa ƙabilun Herero da Nama daga 1904 zuwa 1908, an yi ta aika ƙoƙunan kan mamata zuwa Jamus don aune-aune, sai a 2011 aka mayar da 20 na farko. A ƙasar ce Eugen Fischer ya yi bincikensa na 1908 kan mutanen Rehoboth masu ruwa biyu, shi ne kuma ya zama shugaban babbar cibiyar nazarin jinsi ta Berlin a 1927. A nan arewacin Najeriya, Lugard da jami'ansa sun zo da tatsuniyar "jinin Ham" ɗan Annabi Nuhu, wadda ke cewa duk wani tsarin mulki da aka tarar a Afirka wasu masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa, suka riƙa jera Fulani masu sarauta a sama, sauran al'ummomi a ƙasa. Wannan tatsuniyar ce Beljiyam ta yi aiki da ita a Ruwanda, har ta rubuta ƙabila a katin shaidar kowa a farkon shekarun 1930, katin da aka riƙa dubawa a shingayen kisa a 1994.

Yadda injin yake aiki

A Amurka ne aka fara haɗa injin sosai, kuma sassansa a bayyane suke: ofishin tattara bayanai, gwaji, laƙabi, doka, sannan wuƙa.

An buɗe ofishin a 1910 a Cold Spring Harbor da ke jihar New York, ƙarƙashin Charles Davenport da Harry Laughlin, da kuɗin Mary Harriman, matar wani attajirin jirgin ƙasa. Ana ba ma'aikata horo na 'yan makonni, a tura su ƙauyuka da gidajen marayu su zana bishiyar dangi, su sa alama a kan kowane suna: mashayi, mazinaciya, mai raunin hankali, malalaci. Yawancin bayanan daga bakin maƙwabta suke, wani lokaci a kan mutumin da ya shekara hamsin a kabari. Sai a ɗauki kowace siffa kamar ƙwayar gado guda ce ke haifar da ita, irin yadda Gregor Mendel, uban ilimin gadon halitta, ya gani a launin wake. Davenport ya kai ga rubuta cewa son teku gado ne da ke bin maza kawai, tunda bai ga mace a cikin hafsoshin jiragen ruwa ba. Ya kuma nace cewa cutar felagra, da ke kashe talakawan kudancin Amurka, tana da nasaba da gado, alhali Joseph Goldberger ya nuna a 1915 cewa abinci ne: masara zalla ba nama ba madara. An gano sinadarin da ya rasa, niyasin, a 1937.

Gwajin basira kuwa Alfred Binet ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji, ya kuma yi gargaɗi kada a ɗauki makin a matsayin abin da ba ya sauyawa. Henry Goddard ya kawo shi Amurka ya mayar da shi ma'aunin jini. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gwada sojoji kusan miliyan 1.75, aka fito da sakamakon cewa hankalin matsakaicin Bature Ba'amurke na ɗan shekara 13 ne. Cikin tambayoyin akwai sunan wani man girki na kanti, akwai hoton filin tanis da aka cire wa raga a ce mutum ya faɗi abin da ya ɓace. Manomin da ya sauka daga Sisili ta Italiya jiya ina ya san tanis? Alƙaluman da kansu sun tona asiri: baƙin haure suna ƙara maki gwargwadon shekarun da suka yi a ƙasar, kuma baƙaƙen fata na wasu jihohin arewa sun fi fararen wasu jihohin kudu maki, saboda makarantun arewa sun fi. Carl Brigham, wanda ya yi amfani da sakamakon a 1923 ya jera jinsuna, ya janye maganarsa a 1930. Kafin nan an riga an kafa dokar shige da fice ta 1924, wadda ta ƙayyade kason kowace ƙasa da kashi 2 cikin 100 na mutanenta da ke Amurka a ƙidayar 1890, da gangan don a toshe Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai.

Kuskuren da ke ƙarƙashin duk wannan manomi ya san shi. A ɗebi irin gero daga buhu ɗaya, a shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a kan fako. A cikin kowace gona, bambancin tsawon kara yana iya zama na iri. Amma bambancin da ke tsakanin gonakin biyu na ƙasa ne gaba ɗaya, tunda irin ɗaya ne. Don an nuna siffa tana bin gado a cikin wata al'umma, ba a nuna cewa tazarar da ke tsakaninta da wata al'umma ta jini ba ce. Ƙarancin aidin kaɗai, wanda ke kawo maƙoƙo, yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro tun daga ciki, kuma maganinsa gishiri ne.

Jihar Indiyana ta fara dokar kashe haihuwa a 1907, jihohi sama da 30 suka bi, Kalifoniya kaɗai ta yi wa kusan 20,000. Mace ana yanke mata bututun ƙwai a ɗaure, abin da muke kira juya mahaifa, namiji kuma a yanke jijiyar maniyyi. Da kotuna suka fara soke dokokin, Laughlin ya wallafa samfurin doka a 1922 mai ɗauke da zaman sauraro da damar ɗaukaka ƙara, don ta tsallake kotu. Jihar Bajiniya ta kwafa a 1924, aka nemi wadda za a gwada dokar a kanta, aka zaɓi Carrie Buck.

Shekararta 17 lokacin da wani ɗan'uwan mariƙanta ya yi mata fyaɗe ta ɗauki ciki. Don a rufe abin kunya sai mariƙan suka kai ta gidan masu raunin hankali da ke kusa da Lynchburg, inda mahaifiyarta take tsare. Laughlin ya ba da shaida a rubuce cewa rauninta na gado ne, bai taɓa ganinta ba. Jaririyarta Vivian tana da wata bakwai wata ma'aikaciya ta dube ta ta ce ba ta yi kama da lafiyayya ba. Lauyan da aka ba Carrie, Irving Whitehead, tsohon ɗan kwamitin gudanarwar gidan ne kuma abokin lauyan ɗaya ɓangaren, bai kira shaida ko ɗaya ba. Ranar 2 ga Mayu, 1927, Kotun Ƙoli ta amince da alƙalai takwas, ɗaya ya ƙi, mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya hawa uku ta dolaye ta isa haka. A watan Oktoba aka yi mata tiyata. Vivian ta shiga makaranta, sunanta ya fito a jerin ɗalibai masu ƙoƙari a 1931, ta rasu tana da shekara takwas.

Lissafin da ya rushe shirin tun 1917

Ko da an yarda da duk zatonsu, shirin ba zai yi aiki ba, kuma an san haka. Reginald Punnett na Cambridge, da taimakon masanin lissafi G. H. Hardy, ya buga lissafin a 1917. A ce raunin hankali ƙwayar gado ce mai ɓuya, wadda sai an gado ta daga uwa da uba take bayyana, kuma mutum 1 cikin 100 ne ke da shi. To mutum 18 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, lafiyarsu ƙalau, babu mai gane su. Idan aka hana duk masu larurar haihuwa, ba a tsallake ko ɗaya ba, sai an yi zuriya 22 kafin a sauko zuwa 1 cikin 1,000, wato shekara 550 idan an ba kowace zuriya 25. Zuwa 1 cikin 10,000 kuwa zuriya 90 ne, sama da shekara 2,000. Cuta tana ƙara ƙaranci, kason da ke ɓoye yana ƙara yawa. Abin takaici, shi Punnett da wasunsa ba su ce a daina ba, cewa suka yi a nemo hanyar gano masu ɗauke da ita. Dokokin kuma suka ci gaba da yaɗuwa, domin abin da ke jan 'yan majalisa shi ne kuɗin ciyar da mutanen da ke gidajen gwamnati.

Jamus ta kafa dokarta ranar 14 ga Yuli, 1933. Ta lissafa larurori tara, ciki har da farfaɗiya, makanta da kurumta na gado, taɓin hankali da shaye-shaye mai tsanani. Wajibi ne likita ya kai rahoton majinyacinsa, kotu ta musamman mai alƙali ɗaya da likitoci biyu ta yanke hukunci, 'yan sanda su kai wanda ya ƙi. Dubbai sun mutu a tiyatar, galibinsu mata. A 1936 Jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa. A 1937 aka bi ɗaruruwan yaran yankin Rhine da sojojin Faransa 'yan Afirka suka haifa da matan Jamus, aka yi musu tiyatar a asirce, ba ma tare da bin dokar ba. Daga 1939 aka koma kisa. Ana aika fom zuwa asibitoci, likitoci uku su duba takardar ba tare da ganin majinyaci ba, jan alama mutuwa, shuɗiya rayuwa, kuma babbar tambayar ita ce ko yana iya aiki. An kashe sama da 70,000 da iskar gas a cibiyoyi shida zuwa Agustan 1941, lokacin da huɗubar Bishop von Galen da gunagunin iyalai suka sa aka dakatar a hukumance. An ci gaba da yunwa da allura har adadin ya haura 200,000, wasu ma'aikatan cibiyoyin kuma aka tura su sansanonin kisan Yahudawa na Belzec da Sobibor da Treblinka.

Faɗuwar Hitler ba ta rufe babin ba. Suwidin ta ci gaba har tsakiyar shekarun 1970, Bajiniya ta soke dokarta a 1974. Japan ma a 1948 ta kafa tata, ta yi wa kusan 16,500 tiyata ba da yardarsu ba kafin a soke ta a 1996, sai a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Inda maganar ta taɓa gidajenmu kai tsaye shi ne sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro yake. Ƙwaya ɗaya ce, garkuwa ga mai kwafi ɗaya, ciwo ga mai biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya rusa rabon mutane zuwa iri mai kyau da maras kyau. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zama SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA, kuma kowane ciki lissafinsa daban, haihuwar SS ɗaya ba ta kare uku masu zuwa. Gwaji kafin aure yana rage haihuwar masu SS, rahama ce babba ga wanda ya san wahalar ciwon. Amma ba ya kawar da ƙwayar daga al'umma, domin sama da kashi 80 cikin 100 na kwafinta suna jikin masu AS lafiyayyu, daidai da lissafin Punnett. Duk wanda ya yi alƙawarin "share sikila" ta hanyar hana wasu aure ko haihuwa bai yi lissafi ba.

Takardar gwajin ma tana kuskure. Gwajin nan mai araha da ke nuna ko jini yana lanƙwasa ba ya bambanta AS da SS, ba ya kuma ganin AC, wato mai ɗauke da wata ƙwayar daban da ake kira C, alhali AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Amurka ta ɗanɗana illar wannan a farkon shekarun 1970, lokacin da wasu jihohi suka wajabta gwajin a kan baƙaƙen fata ba tare da bayani ko sirri ba, aka riƙa ɗaukar mai AS a matsayin majinyaci. Wasu sun rasa aiki, kamfanonin inshora suka ƙara wa wasu kuɗi, makarantar horar da hafsoshin sojan sama kuma ba ta buɗe wa masu AS ƙofa ba sai a 1981.